Tafiya Ba Takalmi: Sunna Ce Ga Wa, Kuma Bisa Wace Ƙasa?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa mana ƙasa ya hore mana ita muna takawa, ya kuma sanar da mu yin sutura tun daga ka har tafin ƙafa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, wata magana ta yawaita cikin wayoyin mutane, har ta iso zaurukan karatu da ƙofofin masallatai a nan Illela da Konni da Malbaza. Ana cewa tafiya ba takalmi magani ce, wai ƙasa tana zuƙe wata wuta mai cutarwa daga jikin ɗan Adam, wai tana warkar da hawan jini da ciwon sukari da rashin barci. Sa'an nan a rufe zancen da cewa ai sunna ce, Turawa ne sai yanzu suka gano. Da maganar ta tsaya ga lokotoro da masu magani, da sai mu bar musu. Amma tun da an rataya ta ga Manzon Allah (S.A.W.), ya zama wajibi a kanmu mu duba ta, domin jingina masa abin da bai faɗa ba laifi ne babba, haka nan ɗaukar rabin abin da ya faɗa a yar da rabi.

Asalin maganar yana nan, ba ƙage ba ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani sahabi ya yi tattaki zuwa Masar wurin Fadalatu ɗan Ubaidu (R.A.) domin ya tabbatar da wani hadisi. Sai ya iske shi gashi a hargitse, ƙafa ba takalmi, alhali shi ne amirin wurin. Da ya tambaye shi dalili, Fadalatu ya ba shi amsa da cewa Annabi (S.A.W.) ya kasance yana hana su yawaita jin daɗi, kuma yana umurtarsu da su riƙa tafiya ba takalmi wani lokaci. To, a lura da abu biyu cikin wannan labari. Kalmar da aka ruwaito ita ce ahyanan, watau lokaci-lokaci, ba kullum ba. Kuma wanda ya aikata ɗin amiri ne, mutumin da in ya so takalma goma za a kawo masa kafin ya rufe baki. Ya tuɓe ne domin ya horar da ransa, kada mulki da laushin shimfiɗa su mantar da shi cewa daga ƙasa aka yi shi.

Shi kuma wannan Annabi (S.A.W.) da ya yi wancan umurni, shi ne Muslim ya ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa ya umurci sahabbansa, a wata tafiya ta yaƙi, da su yawaita takalma, ya kamanta mai takalmi da wanda ke kan abin hawa. Ya yi salla da takalmansa, kamar yadda Anas (R.A.) ya shaida. Ya hana tafiya da takalmi ƙafa ɗaya, ya koyar da farawa da dama wajen sawa da hagu wajen tuɓewa, abin da kowane ɗalibi ya karanta a ƙarshen Risala. Har wa yau, da ƴar'uwar Uƙubatu ɗan Amir (R.A.) ta yi bakance za ta je Ɗakin Allah da ƙafa ba takalmi, bai yaba mata ba, umurtarta ya yi da ta yi tafiyar ƙasa, ta kuma hau abin hawa. Daga nan muka fahimci cewa wahalar ƙafa ita kaɗai ba ibada ba ce, Allah ba ya da bukatar mutum ya ƙona tafinsa.

Mu komo ga zancen lafiya, mu ba kowane mai gaskiya gaskiyarsa. Ƙafar ɗan Adam halitta ce mai ban mamaki: ƙasusuwa 26 ne a cikin kowace guda, da gaɓoɓi 33, da jijiyoyi da tsokoki masu yawa da ke riƙe da su. Gaɓar da ba ta aiki kuwa rauni take yi, kamar yadda hannun da aka ɗaure bayan karaya yake fitowa a ƙanjame. A 1992 wasu likitocin ƙashi biyu a Indiya, Rao da Joseph, sun duba ƙafafun yara 2,300, suka iske cewa shafaffen tafi, watau wanda ramin tsakiyarsa ya baje, ya kai kashi 8.6 cikin ɗari ga yaran da suka saba da takalmi, amma kashi 2.8 ne kawai ga waɗanda suka tashi ba takalmi. A 2010 Daniel Lieberman na jami'ar Harvard ta Amurka da abokan aikinsa sun nuna cewa masu gudu ba takalmi a Kenya sukan sauka bisa gaban tafi, saboda haka bugun da ke hawa jiki ya fi sauƙi bisa ga wanda ke dirka diddige. A 2019 kuma suka sake gano wani abu da kowane manomi a Adar zai yi murmushi in ya ji: kantar da ke fitowa a tafin mai yawo ba takalmi tana kare shi, amma ba ta rage masa jin abin da ya taka, saɓanin takalmi mai kaurin ƙasa. Duniya kuma ba ta manta da Abebe Bikila na Habasha ba, wanda ya ci tseren dogon zango a birnin Rum a 1960 ƙafa ba takalmi.

Wannan duka gaskiya ne, iyakarsa kuwa ƙarfin ƙafa da daidaituwar tsayuwa. Amma zancen zuƙe wuta, da warkar da hawan jini da sukari, babu wata hujja tabbatacciya a kansa wurin masana lafiya, ballantana a hadisi. Abin tsoro shi ne waɗanda aka fi yi wa wannan alkawari su ne ya fi cutarwa. Ciwon sukari in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, har mutum ya taka ƙusa bai sani ba, ko ya tsaya bisa rairayin bazara, lokacin da zafi ke wuce awo 40, fatarsa ta ƙone bai ji ba. Miki kuwa a ƙafar mai sukari ba ya saurin warkewa, yakan ruɓe har a kai ga yankewa. Lokotoro sun haɗu a kan cewa mai wannan ciwo kada ya taka ƙasa ba takalmi ko cikin gidansa, kuma ya riƙa duba tafinsa da tsakanin yatsunsa kullum. Wanda duk ya tura wa tsohuwarsa mai sukari irin wancan saƙo, ta bi, ta rasa ƙafa, to ya shirya amsar da zai bayar, don "tura mini aka yi" ba ta wanke mutum.

Tambayar da ta fi damunmu dai tana gaba da wannan. A ƙasashen da ake rubuta waɗannan bayanai, mai tafiya ba takalmi shi ne wanda ya gaji da takalmi, ya fita ya taka shararriyar ciyawa na ɗan lokaci, ya koma ya wanke ƙafarsa da ruwan famfo. A ƙasarmu wa ke tafiya ba takalmi? Almajiri ne mai kwano, da yaron da ke bin awaki, da matar da ta tafi itace, da ɗan ƙwadago cikin garkar albasa a Galmi ko gonakin ban-ruwa na Konni. Babu ɗayansu da ya zaɓa. In muka hau mumbari muka ce musu albishirinku, sunna kuke rayawa, mun yi musu ba'a da sunan addini, kuma mun sauke wa kanmu nauyin da ke wuyanmu cikin arha.

Malamanmu na fiƙihu sun riga mu ganin wannan bambanci, kuma wuri ne da ya cancanci ɗalibi ya tsaya ya yi tunani. A babin tsarki na Mukhtasar, Shehu Halilu ya lissafa abubuwan da aka yi rangwame a kansu saboda wuyar kauce musu. A cikinsu akwai huffi da takalmi idan suka taka kashin jaki ko na doki ko fitsarinsu a kan hanya: in aka goge su da ƙasa har gundarin najasar ya tafi, ya isa, ana iya salla da su. Sai tambaya ta taso, shi wanda ba ya da takalmin fa, ya taka da fatar ƙafarsa? Halilu ya kawo cewa Imam Lakhami ya zaɓi a riskar da ƙafar matalauci ga takalmi, watau shi ma goge ta ya ishe shi. Amma wanda ke da halin sayen takalmi ya ƙi sawa, malamai na baya sun yi saɓani a kansa, wasu suka ce sai ya wanke. Ku duba wannan adalci. Ƙafa iri ɗaya, najasa iri ɗaya, hanya ɗaya, amma hukunci ya rabu, saboda ɗaya larura ta tuɓe shi, ɗaya kuwa ra'ayinsa ne. Shari'a ta yi wa matalauci sauƙi don ta san yana cikin ƙunci. Ba ta kira ƙuncin nasa falala ba. Sahabbai ma sun ɗanɗana irin wannan hali. Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya ba da labarin ranar da suka raka Annabi (S.A.W.) gaida Sa'adu ɗan Ubada da ba ya da lafiya, su goma sha wani abu, suna ratsa ƙasa mai gishiri, babu mai takalmi ko huffi ko hula a cikinsu. Rashi ne ya sa haka, kuma da Allah ya buɗa musu sun sa takalma, ba wanda ya ce sun bar sunna.

Na san wani zai kawo Bishirul Hafi, waliyyin Bagadaza da ya rasu a shekara ta 227 ta Hijira, wanda ya rayu ba takalmi har laƙabin ya bi shi. Muna girmama shi kamar yadda Imam Ahmad ɗan Hambali ya girmama shi. Sai dai halinsa ne tsakaninsa da Ubangijinsa, bai ɗora wa kowa ba, kuma malaman zamaninsa ba su tuɓe nasu takalman ba.

Sa'an nan sai mu dubi ƙasar da ake takawa. Adar ƙasa ce ta duwatsu da tsakuwa da fako, ga ƙarangiya da tsidau da ƙayar aduwa. Waɗannan Allah ya halitta su, kakanninmu sun san su, shi ya sa dukawa suka gwanance da fade da balka. Ƙaya ma ba abin renawa ba ce. Akwai wani ciwo da lokotoro ke kira maisitoma, wanda ƙwayarsa ke shiga ta sukar ƙaya, ƙafa ta yi ta kumbura a hankali shekara da shekaru tana fitar da ƴan ƙwayoyi kamar tsaba, har ya ci ƙashi. Ciwon ƙasashen Sahel ne, daga Senegal zuwa Sudan, da Nijar a ciki, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Ga sarƙe-haƙora da ke shiga ta kowane rauni mai datti ga wanda bai yi allurar rigakafi ba. Ga kunama, ga kububuwa wadda ba banza aka yi mata laƙabi da gobe-da-nisa ba. Hukumar ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ne saran maciji ke kashewa a duniya kowace shekara, mafi yawansu manoma da makiyaya, kuma a ƙafa aka fi saran.

Amma mafi munin abin da ke bisa ƙasarmu mu muka zuba shi da hannunmu. Fasassun kwalabe, gwangwanaye masu tsatsa, reza, allurar da aka yi wa wani aka jefar bayan gida, da abin da ya fi su duka, bahaya a fili. Rahotannin UNICEF da Hukumar Lafiya na shekarun nan sun nuna kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen Nijar a waje suke biyan bukata. Ga yadda abin yake komowa kanmu. Akwai wata tsutsar ciki mai ƙugiya a baki, ƙwanta yana fita tare da bahaya, ya ƙyanƙyashe cikin ƙasa mai laima, kamar ta damina ko ta fadama da garake. Bayan kamar mako guda ƴaƴanta, waɗanda ido ba ya gani, sun isa huda fata. In yaro ya taka, sai su shige ta ƙafarsa, su bi jini zuwa huhu, su hau maƙogwaro, ya haɗiye su, su maƙale a hanjinsa suna shan jini. Daga nan sai ka ga yaro ya ɗashe, ba kuzari, ba ya riƙe karatu, malam yana ta bulala yana cewa daƙiƙi ne. Mai ciki kuwa ta iso haihuwa jininta ya ƙaranta. Tsargiya ma ta wannan ƙofa take zuwa, sai dai ita cikin ruwa: mai ciwon ya yi fitsari a tabki ko magudanar ban-ruwa, irin waɗanda ke ɗauko ruwa daga madatsun Mozage da Zango, wani ya shiga ya ɗauka ta fata.

Manzon Allah (S.A.W.) ya toshe wannan ƙofa tun ba a ƙera madubin ganin ƙwayar cuta ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) gargaɗinsa game da abubuwa biyu masu jawo wa mutum tsinuwa, su ne yin bahaya bisa hanyar mutane ko cikin inuwarsu, kuma a ruwayar Abu Dawuda daga Mu'azu (R.A.) an ƙara da mashayar ruwa. Ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, ya kuma ba da labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda reshen ƙaya da ya janye. Abin mamaki, waɗannan hadisai sun fi na Fadalatu shahara nesa ba kusa ba, yaran madarsa ma sun hardace su, amma ba su ake turawa a waya ba. Dalili kuwa a fili yake: tuɓe takalmi ba ya cin ko dala, haƙa masai kuwa sai da kuɗi da gumi. Sau nawa muka ga an tara kuɗi an yi wa masallaci hasumiya da fenti, bayansa kuwa ba ya ratsuwa don wari? Limamai irinmu da kwamitocin masallatai mu ne farkon waɗanda wannan tambaya ta hau kansu.

Akwai wani tuɓe takalmi kuma da muka gada, na ladabi. Allah ya umurci Annabi Musa (A.S.) da ya tuɓe takalmansa a tsarkakken kwarin Ɗuwa, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha, aya ta 12. Alƙali Iyal ya kawo cikin Ashafa cewa Imam Malik ba ya hawa dabba a Madina don kunyar ƙasar da Annabi (S.A.W.) yake kwance cikinta. A al'adarmu ɗa yana tuɓe wa mahaifinsa, ɗalibi ga malaminsa, suruki a ƙofar surukansa, talaka a fada. Ba mu ganin laifi ga wannan muddin daga zuciyar mai yin ya fito. Inda ya lalace shi ne inda mai kuɗi ko mai muƙami yake jiran a tuɓe masa, ya bar tsoho sa'an ubansa tsugune bisa ƙasa mai zafi, shi yana cikin inuwa da sau-cikinsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a nan Maratta kusa da Galmi a 1754, ya soki sarakunan zamaninsa a kan sa mutane zuba ƙasa a ka wajen gaisuwa. Irin wannan mai jiran a tuɓe masa, shi ne ainihin wanda hadisin Fadalatu ya dace da shi.

Saboda haka ga wanda Allah ya wadata, ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci, wanda daga mota sai ofis, daga ofis sai darduma, muna kwaɗaita masa ya riƙa tuɓewa lokaci-lokaci. Ya taka shararren tsakar gidansa da sanyin safiya ko bayan la'asar, ya fara da kaɗan domin ƙafar da ta saba da takalmi ba ta jure dogon zango farat ɗaya, in kuwa yana da sukari ko miki ya bari sam. Ƙafarsa za ta ƙara ƙarfi. In kuma wata rana tsakuwa ta soke shi har ya ɗaga ƙafa, ya samu ɗan labarin abin da yaron da ke riƙe masa ƙofar mota yake ji tun safe, jiki magayi. A bar jarirai da ƙananan yara su yi rarrafe da tatata ba takalmi cikin ɗaki da tsakar gida mai tsabta, kada a matse musu yatsu da takalmin gayu.

Ga uban da zai tura ɗansa karatun allo, Konni ne ko Tawa ko Sakkwato, ya sani tufatar da ɗa wajibi ce a kansa har ya balaga, kuma miƙa shi ga malam ba ya sauke ta. Takalmi yana cikin guzuri kamar allo da tawada, in ya tsinke kuma sai an sake. Malamin da ya karɓi yara ya riƙa duba ƙafafunsu kamar yadda yake duba allunansu. Mai garka da ya ɗauki ƴan ƙwadago su yini cikin laka, ko su yi girbi inda maciji ke ɓuya, ya saya musu takalman danƙo masu tsawo, ya lissafa su cikin kuɗin aiki tare da taki da man inji. Masu fitar da sadaka kuma, musamman gab da salla da lokacin shigowar bazara, su tuna takalmin roba na yaro bai kai kuɗin katin wayar da yawancinmu ke ƙonewa cikin mako guda ba. A auna ƙafar yaron kafin a saya, don takalmin da ya yi masa kaɗan a hannu zai riƙe shi.